Kada a Ɗora wa Jini Laifin Gida

Karatu: Ezekiyel 18:1-20, Yahaya 9:1-7, 2 Timoti 1:3-7

A cikin maganganun da iyaye ke furtawa a kan 'ya'yansu, da wuya a sami wadda ta yi ɓarna kamar wannan: "Ai gado ne." Yaro ya kasa karatu, a ce gado ne, haka dangin uwarsa suke. Yarinya ta tsumbure ta ƙi girma, a ce ai gidansu gajeru ne. Saurayi ya faɗa shaye-shaye, a ce kakansa ma da ƙwaryar burukutu a hannu ya bar duniya. Da zarar an faɗi haka sai kowa ya numfasa, gama maganar ta sauke wa uba kaya, ta sauke wa uwa, ta sauke wa ikilisiya, ta ɗora shi a kan matattu waɗanda ba za su tashi su kāre kansu ba.

Abin takaicin kuwa shi ne, a wurin da gado yake da gaske, inda likita zai iya nuna shi da ɗigon jini guda, a nan ne ake rufe ido. Iyalin da za su hana aure domin ƙabilar yarinya, ko domin wani abin da aka ce kakanta ya taɓa yi a ƙauye, su ne ba za su tambayi nau'in jininta da na ɗansu ba. An juya al'amarin a baibai. Abin da reno ya ɓata ana kiransa gado, abin da gado ya kawo kuma ana kiransa aikin maƙiya. Kurakuran nan biyu suna cin rayukan yara a Narayi da Barnawa da Sabon Tasha da Unguwar Boro, kuma bai kamata mumbarin ikilisiya ya ci gaba da yi musu rufa-rufa ba.

Inda gado yake da gaske

Babu mai hankalin da zai musa gado. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma duk wanda ya taɓa halartar bikin suna ya ga yadda tsofaffi ke gane hancin kaka a fuskar jariri. Allah ne ya shirya haka, ya kuma sa masa ƙa'ida. Mutumin da ya fara gano ƙa'idar ma bawan ikilisiya ne, Gregor Mendel, wani limamin Katolika da ya yi shekaru yana barbarar wani irin wake a lambun gidan ibadarsu a birnin Brno, ya buga sakamakon aikinsa a 1866. Ya nuna cewa kowace siffa tana zuwa ne ta hannu biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wata siffar takan ɓuya a cikin iyaye ta bayyana a cikin 'ya'ya. Yau an san cewa kowane ɗan adam yana ɗauke da ƙunshin gado 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa, 23 daga mahaifi, 23 daga mahaifiya.

Wannan ilimi kaɗai ya isa ya share wa mata da yawa hawaye. Matar da ta haifi 'ya'ya mata huɗu a jere, dangin miji suna yi mata habaici, ya kamata su sani cewa ƙwayar da ke raba namiji da mace daga wurin uba take fitowa. Shi ma uban ba shi da ikon zaɓe, sai abin da Allah ya ba shi, amma in har za a nemi wanda za a tuhuma, matar ba ta cikin lissafi. Haka kuma matar da ta haifi zabiya, aka soma kallonta da zargi, gaskiyar ita ce irin zabiyancin da aka saba gani a nan ba ya fitowa sai uwa da uba duka biyu suna ɗauke da ƙwayarsa a ɓoye. Jinin miji yana ciki daidai da nata.

Babban misalin da ya fi shafar mu shi ne amosanin jini, wato sikila. Kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu a Nijeriya yana ɗauke da nau'in jini AS, lafiyarsa lau, bai san yana da shi ba sai an gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a ƙasar nan kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Lissafin kuma a fili yake. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS, kashi biyu cikin huɗu na zama AS, kashi ɗaya cikin huɗu na zama AA. A lura da kyau, kowane ciki da nasa lissafin. Wasu suna zaton in sun haifi ɗaya mai sikila to ukun da za su biyo sun tsira. Ba haka ba ne. Gida ɗaya na iya samun uku a jere, wani gidan kuma bai sami ko ɗaya ba.

Kakanninmu da ba su da awon jini sun ga yara suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a ɗakin mace guda, suka ce wabi ne, suka yi wa jariri tsaga ko suka ba shi sunan raini don ya zauna. Ana iya yi musu uzuri, gama ba su sani ba. Amma wane uzuri ne ga mai bi na yau, wanda ke zaune tafiyar 'yan mintoci daga asibitin St. Gerard ko na Gwamna Awan a Kakuri, ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a ƙetaren kogi? Wabi ya sake suna ne kawai. Yanzu ana ce masa kibiyar maƙiya, ana nuna wa uwar miji yatsa, ana yawo da yaro mai ciwon ƙashi daga wannan ɗakin addu'a zuwa wancan har jininsa ya ƙare.

Ga wani abu kuma da ya kamata masu saurin kiran la'ana su yi tunani a kai. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, da ya yi bincike a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi sauran mutane tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Dalilin da ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashen da sauro ya yi yawa ke nan. Ƙwayar da ke kawo azaba in ta zo ta hannu biyu, ita ce ta zama garkuwa ga miliyoyin yara in ta zo ta hannu ɗaya. Mai AS ba shi da abin jin kunya. Abin da ke wuyansa shi ne ya sani, ya kuma faɗi gaskiya kafin magana ta yi nisa.

Inda ake yi wa gado ƙarya

Yanzu a koma ga yarinyar da aka ce gidansu gajeru ne. Gaskiya ne tsawon mutum yana da alaƙa da tsawon iyayensa. Amma tsumburewar ƙananan yara wani abu ne dabam. Tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi girman yara sama da 8,000 a ƙasashe shida, wato Gana, Indiya, Oman, Norway, Brazil da Amurka, dukansu waɗanda aka shayar da nono aka kuma rene su cikin kyakkyawan hali. Sai aka tarar cewa daga haihuwa zuwa shekara biyar girmansu kusan ɗaya ne, baƙi da fari, ɗan Accra da ɗan Oslo. A kan wannan ne aka fitar da ma'aunin girman yara na 2006 wanda ake amfani da shi a asibitoci.

To, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57, a Kudu maso Gabas kuwa kashi 18. Jini bai isa ya bayyana wannan tazara ba. Abin da ke bayyana ta shi ne abin da uwa ta ci tana da ciki, da ko an ba jariri dakashi ko an matse an zubar, da ko an shayar da shi nono zalla wata shida ko an fara ɗura masa ruwan rijiya tun yana ɗan mako guda, da ko bayan wata shida an ƙara masa gyaɗa da waken suya da zogale da ƙwai a kan kunun ko tsurar kamu ake dama masa, da yawan zawo da zazzaɓin da suka kwantar da shi. Masana suna kiran wannan lokaci kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu. A cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke yin mafi yawan gininta, kuma abin da aka rasa a lokacin da wuya a mayar da shi duka. Yaron da aka hana abincin gina jiki yana ɗan wata tara, shi ne za a zaga yana ɗan shekara tara a ce daƙiƙi ne kamar dangin uwarsa.

Jihar Zamfara ta ba mu darasi mai ɗaci a 2010. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, yara suka riƙa sanƙamewa suna mutuwa, har sama da 400. Da a ce an tsaya ga fassarar da muka saba, da an ce iska ce ko la'anar gari. Amma da aka gwada jininsu aka gwada ƙasar tsakar gidajen, sai aka tarar gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Maganin da ya yi aiki shi ne kankare ƙasar gidajen a zuba sabuwa, tare da ba yaran maganin fitar da gubar. Jinin iyayen bai sake ba. Ƙasar da yaran ke zama a kai ce aka sake, mutuwa kuwa ta ragu.

Ba abinci da guba kaɗai ke gina yaro ko rushe shi ba. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yabe shi, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka sake neman yaran nan, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Sa'a ɗaya a mako ta hira da wasa ta bi yaro har gidan aurensa. Uban da ke fita kafin yara su tashi, ya dawo ya kama waya har su yi barci, ya kamata ya tsaya a kan wannan.

Amma ba sai mun je Jamaika ba, gama gwajin yana gudana a cikin gidajen masu bi a nan Narayi. Ana ɗauko 'yar ƙane ko 'yar yaya daga ƙauye da alkawarin makaranta. Jininta ɗaya da na 'ya'yan gidan, kaka ɗaya suka haɗa. Ita ce ke tashi da asuba ta ɗebi ruwa, ta yi wanke-wanke, ta goya ƙaramin, ta ci abin da ya rage a tukunya, ta tafi makaranta a makare in ma an sa ta. 'Ya'yan gidan kuwa suna da malamin darasin yamma. Bayan shekara biyar sai uwar gida ta gaya wa 'yan'uwanta a Zumuntar Mata cewa yarinyar nan ba ta da kai, haka mutanen gidansu suke. Wane gidan? Ai gidan mijinta ne, ko gidan ubanta. Jihar Kaduna ta yi dokar kāre yara a 2018, amma mai bi bai kamata ya jira doka ta koya masa abin da Ubangijinsa ya riga ya faɗa game da wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe ba.

Littafi Mai Tsarki ma ya ba mu labarin yaron da duniya ta gurgunta. Mefiboshet jikan Sarki Saul ne, ɗan Jonatan jarumi, jinin sarauta gaba da baya. Yana ɗan shekara biyar labarin yaƙi ya iso, mai renonsa ta ɗauke shi da gaggawa za ta gudu, ya faɗi ya gurgunce har ƙarshen ransa. Iyalai da yawa a kudancin kogin Kaduna sun san irin wannan gudu. Rikicin 2000 da na 2002 sun kwaso dubban mutane daga unguwannin da aka haife su, suka cunkushe a ɗakunan haya a wannan gefe. A daidai lokacin kuma masaƙun Kakuri da suka ciyar da gidaje masu yawa suna mutuwa: Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Yaran da suka tashi a shekarun nan sun ga ubanni zaune ba aiki, sun ga uwaye a kasuwa daga safe zuwa dare, sun kwana su shida a ɗaki guda. Wanda ya dubi wasu daga cikinsu yau a bakin titi ya ce jininsu ne ya lalace, ya yi musu ƙarya, ya kuma manta da tarihin garinsa.

Inda su biyun ke haɗuwa

Mai karatu zai iya cewa, to, ashe wasu abubuwa gado ne wasu kuma reno, sai a raba su gida biyu a huta. Amma a yawancin lokaci tare suke aiki, kamar iri da ƙasa. Ga misali daga ɗakin mai jego. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari mai kāre jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD. Wannan gado ne, kuma mai shi na iya tsufa bai taɓa sani ba. Amma in aka adana kayan jariri da ƙwallayen kafur, aka sa masa, jininsa na iya fashewa, shawara ta kama shi, idanu da fata su yi rawaya. In aka tsaya shanya shi a hantsi da ba shi ruwan gwanda maimakon a kai shi asibiti a sa shi a ƙarƙashin fitilar magani, shawarar na iya taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko ya kasa riƙe wuyansa. Gado ya ajiye busasshiyar ciyawa, amma hannun mutum ne ya ƙyasta ashana.

Haka kuma ta ɗaya gefen. Yaron da aka haifa da SS ba za a iya sake masa jini da wa'azi ba, amma tsawon ransa da ingancinsa suna hannun masu renonsa ƙwarai. Gidan sauro, allurar rigakafi cikakkiya, shan ruwa da yawa, rigar sanyi lokacin hunturu, magungunan da likita ya rubuta a sha kullum, da garzayawa asibiti da zarar zazzaɓi ya taso, su ne suka sa masu sikila da yawa suka yi karatu, suka yi aure, suka ga jikokinsu. Uwar da ta yi waɗannan tana addu'a ba ta gaza a bangaskiya ba.

Hali ma haka yake. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa saurin fushi, da kunya, da saurin kamuwa da jarabar giya suna da rabo daga jini. Amma karkata dabam take da hukunci. Ɗan mashayi yana iya zuwa duniya da rauni ta wannan gefe, kuma sanin haka dalili ne na ƙara tsaro a kansa. Abin da ke mayar da raunin ya zama halaka shi ne uban da ke aikensa sayo giya, da mai shagon da ke sayar wa ɗan shekara goma sha huɗu ƙwaya, da unguwar da ta gani ta kau da kai. Sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan an fallasa yadda yake cin matasa. Waɗanda ake kaiwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa saboda shaye-shaye sun fito daga kowane irin gida, har da gidajen fastoci da dattawa. Hausawa da suka ce hali zanen dutse, su ne kuma suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mai son kauce wa aiki ne kaɗai ke riƙe na farkon ya yar da sauran.

Ga masu wa'azin la'anar zuriya

A 'yan shekarun nan wata koyarwa ta cika unguwanninmu. Ana manna takardunta a jikin bango daga Narayi zuwa Television, ana kiran mutane su zo kwanan addu'a a karya bagadin gidan ubansu, a wanke musu jini, sau da yawa da ambulan a hannu. Masu wannan koyarwa suna da nassin da suke dogara a kai, wato Fitowa sura 20, inda aka ambaci hukuncin laifin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu. Ba za mu tsallake nassin ba. Amma a karanta shi duka. Hukuncin yana kan masu ƙin Allah ne, kuma a nan take aka sa shi gefe da jinƙan da ya kai dubbai. A tuna kuma cewa a gidan Ba'isra'ile, kamar gidan gandu na kakanninmu, tsara uku ko huɗu suna zaune a tsakar gida ɗaya. Jika yana kallon kaka yana sujada ga gunki, yana kallon uba yana dukan uwa. Hanyar da zunubi ke bi daga tsara zuwa tsara a buɗe take, ta ido da kunne take shiga.

Da mutanen Yahuza suka mayar da wannan magana karin magana, suna cewa su dai suna shan hukuncin abin da ubanninsu suka ci, Ubangiji ya aiko Ezekiyel ya hana su faɗarta. Sura 18 gaba ɗaya a kan wannan take: adali ya haifi mugu, mugun ya haifi wanda ya ga ayyukan ubansa ya ƙi binsu, kuma kowannensu zai amsa nasa. Tarihin sarakunan Yahuza ya tabbatar da haka. Ahaz ya ƙona ɗansa hadaya, ya haifi Hezekiya mai tsoron Allah. Hezekiya ya haifi Manassa wanda ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Jikan Manassa kuwa shi ne Yosiya, wanda ya hau gadon sarauta yana ɗan shekara takwas ya kuma tsabtace ƙasar. Jini ɗaya ne na Dawuda a jijiyarsu duka. A asalin Yesu Almasihu kansa da Matiyu ya jera akwai Tamar da Rahab da Rut mutuniyar Mowab, akwai Manassan nan. In da kwamitin aure na wasu ikilisiyoyinmu ne ya binciki wannan gida, da ya hana a ba su mata.

Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, tambayar da suka yi ita ce irin tamu, wato a nemo mai laifi tsakaninsa da iyayensa. Yesu ya ƙi zaɓar ko ɗaya, ya juya maganar zuwa ga aikin Allah da za a yi, ya kuwa yi shi nan take. Gadon zunubi guda ɗaya da Littafi Mai Tsarki ya koyar shi ne na Adamu, kuma wannan ya game kowa, Bagwari da Bajju da Atyap da Ham da Bahaushe da Bature. Babu gidan da ya fi wani la'ana, kuma la'anar da ke akwai Almasihu ya ɗauke ta a kan gicciye, kamar yadda Bulus ya koya wa Galatiyawa. Wanda ya ce wa mai bi akwai sauran la'ana a jininsa da sai an biya kuɗi a cire, ya rage darajar gicciye. Wanda kuma ya ce wa saurayi da budurwa masu AS su yi aure kawai, bangaskiya za ta sake musu jini, ba zai kasance a bakin gadon asibiti da ƙarfe biyun dare ba sa'ad da ɗansu ke kururuwa. Allah mai iko ne ya warkar, amma Ubangijinmu da kansa ya ƙi yin tsalle daga kan Haikali don a gwada Uba.

Abin da ke wuyan ikilisiya

Ikilisiyoyi da yawa yanzu suna neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, wannan kuwa abin yabo ne. Amma gwajin da aka yi bayan an biya sadaki an ɗinka anko ya zo a makare, shi ya sa ake samun masu sayen takardar ƙarya. Wurin gwaji shi ne ƙungiyar matasa, tun kafin zuciya ta kama wani. Kowane yaro da yarinya da ke shirin baftisma ko tabbatarwa ya kamata su san nau'in jininsu kamar yadda suka san sunan ƙauyensu, a kuma maimaita gwajin a wurin da aka amince da shi, gama akan yi kuskure. Masu sikila da ke cikinmu kuma a daina nuna su a matsayin gargaɗi ga wasu. 'Yan'uwa ne, kuma asusun taimako na ikilisiya ya kamata ya san kuɗin maganinsu.

Zumuntar Mata tana da ikon da babu asibitin da ke da shi, domin tana shiga ɗakin kowace mai jego da sabulu da waƙa. In ta shiga da maganar dakashi da nono zalla da haɗarin kafur da alamun shawara, za ta ceci yaran da likita ba zai taɓa gani ba sai lokaci ya wuce. Gwamnatin Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida tun 2019. Makarantu da asibitocin da ikilisiya ta mallaka, da masu bi da ke da ma'aikata, su tambayi kansu nawa suke bayarwa. Dattawan da ke ziyarar gida-gida su riƙa tambayar yarinyar da ta kawo musu ruwa ajinta nawa. Zumuntar maza kuma ta daina ɗaukar reno aikin mata.

Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Mahaifinsa Bahelene ne, wato ta wajen jini gidan a haɗe yake. Abin da ya bi tsara uku a gidan nan ya bi ta bakin mata biyu da suka zaunar da yaro suka koya masa Littattafai tun yana ƙarami. Irin wannan gado kowane gida na iya fara shi yau, ko da me aka tarar a wurin kakanni. Ba a ba kowa zaɓin jinin da zai ba ɗansa ba, sai dai zaɓin sanin sa da faɗin gaskiya a kansa. Amma abin da ke cikin tukunya, da abin da ke fita daga baki, da abin da yaro ke gani in an rufe ƙofa, waɗannan za a tambaye mu.

Addu'a

Ya Uba Mahalicci, kai ka san kowane yaro tun yana cikin mahaifiyarsa. Ka ba iyaye ƙarfin hali su nemi sanin abin da ke cikin jininsu, su faɗe shi da gaskiya. Ka ta'azantar da masu fama da sikila da masu jinyarsu. Ka buɗe idanun ikilisiyarka ga yaron da ke jin yunwa, da yarinyar da aka hana makaranta, da saurayin da aka yanke wa ƙauna. Ka tsare bakunanmu daga la'antar waɗanda ka sa wa albarka, ka mai da gidajenmu ƙasa mai kyau ga irin da ka ba mu amana. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.